Wai me amfanin rubuta kiɗa a takarda?

Kai yaro, tambayarka kenan, wai me zai sa ka wahala da koyon rubuta kiɗa a takarda tunda kwamfuta tana ajiye komai? Wallahi ka fama min tsohon miki.

Shekarun baya wani mai kuɗi ya zo min, ba zan kama suna ba, yana son kiɗan bikin 'yarsa na musamman wanda kunne bai taɓa ji ba. Ya ba ni ɗan kafin alƙalami ya ce ciko sai ya ji aiki. Kwana 11 ina kan kibod ko barcin kirki ban yi ba, da na gama sai ya ce in tura masa a waya uwargida ta saurara, na tura. Shiru. Na kira, wai bai yi musu ba an fasa. Bayan sati uku ina wucewa ta ƙofar gidan biki sai ga kiɗana yana tashi a sifika, nawa, har ɗan juyin da na sa a tsakiya, ashe wani yaro aka kai wa a wani situdiyo ya kwaikwaye shi a kan kuɗin da bai kai rabin nawa ba. Muka je gaban manyan sana'a aka ce ina shaidarka, ga kwamfutata ta ƙone a satin da aka kawo wuta da ƙarfi, ba takarda ba kwanan wata ba sa hannu, haka na taso ina ji ina gani. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Ku yaran yanzu wata uku a kan kibod kun zama ogan kanku. Ka san Józef Elsner? Mutumin Poland ne, an haife shi 1769 ya rasu 1854. Daga 1799 zuwa 1824 shi ke jagorantar makaɗan babban gidan wasan Warsaw, babban birnin Poland, har wajen buga kiɗa a takarda ya buɗe a garin, sannan ya riƙe makarantar kiɗa. Ɗalibinsa Chopin, shahararren makaɗin piyano, tun yana shekara 7 aka buga kiɗan da ya tsara a takarda, amma duk da haka ya zauna gaban Elsner shekara 3 cur, 1826 zuwa 1829, yana koyon tsara kiɗa da rubuta shi, sai a ƙarshe malamin ya rubuta a rahoto cewa yaron nan baiwarsa ta daban ce. Rashawa sun rufe makarantar a 1831 bayan tawayen 'yan Poland, amma abin da malam da ɗalibi suka rubuta yana nan ana kaɗawa har yau da sunansu a sama. Kai wa ya taɓa buga naka?

Zancen layi biyar da ake rubuta kiɗa a kai da inda kowace alama take zama kuwa kar ma ka tambaye ni, wannan ko wawa ya sani. Gobe ka zo da littafi da fensir, amshin nan da ka haɗa jiya za ka rubuta min, sunanka da kwanan wata a sama, kafin ka taɓa min kibod.