Amsa kan mayar da tsohon sito wurin taro

Malam, ka tambaya ko tsoffin gine-ginen masana'antu na bakin ruwa, irin su sito, za su iya zama wurin taro a nan Katsina. Za su iya. A Landan, tashar lantarki ta Bankside da ke bakin kogin Thames ta daina aiki a 1981, aka buɗe ta a 2000 a matsayin gidan zane-zane, Tate Modern.

Mu dam muke da shi, irin Ajiwa da Jibiya. Amma kafin a kira ɗaurin aure, a sa injiniya ya duba rufi da ginshiƙai, a kwashe tsohon mai da tsatsa. Abin da ya fi damuna yara ne: dole a katange bakin ruwan, domin ranar biki ba mai lura da ɗan wani. A tanadi banɗaki da wurin alwala ma.