Maganin hawan jini na busar min da baki

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ni ce mai rubutowa daga wani ƙauye kusa da Ringim. Tunda aka ɗora ni kan maganin hawan jini bakina kullum a bushe, yawu ya ƙafe, da dare har harshe ke manne min a ganɗa, tuwo ma sai na kora da ruwa. Dan Allah in daina sha ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A'a wallahi, kar ki kuskura ki daina da kanki, jinin zai iya haurawa ba ki sani ba. Cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, su kan busar da baki, haka Piriton na mura, in kina haɗawa to abin ya zama biyu, ga kuma iskar hunturu. Ki koma asibiti da kwalin maganin a hannu, likita zai iya canza miki wani ko ya rage, ki roƙa a gwada miki suga ma don shi ma yana kawo ƙishirwa.

Kafin nan ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ki aje kofi kusa da shimfiɗa. Goro da shayi mai kauri a rage, na san da wuya. Cingam mara suga yana tsinko yawu, alawa kuwa a'a, bakin da ba yawu haƙori saurin ruɓewa yake, sai ki dage da asuwaki ko buroshi safe da dare.