Ku Tambayi Bakanike: Mota na kwana uku batir ya mutu

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni direba ne a nan Jidda, ina da Camry tsohuwar yayi, in na ajiye ta daren Alhamis ban taɓa ta ba sai safiyar Lahadi, to wallahi sai dai ka ji tak-tak-tak, sai na nemi maƙwabci ya yi min ishtirak, wato ya jona min batirinsa. Wata bakwai ke nan da na sa sabon batir, mai wayarin a Sina'iyya, unguwar bakanikai, ya ce in sake sayen wani. Dan Allah wuta nawa ya kamata mota ta riƙa sha in tana ajiye? Daga mai karatu, unguwar Karantina.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi komai tukuna. Ko wace mota tana ɗan lasar wuta ko an zare makulli, saboda agogo da kwamfutar injin da abin karɓar rimot ba sa mutuwa gaba ɗaya, amma lasa ce, miliyam 20 zuwa 50, wato kar ya wuce amp 0.05 a mitar auna wuta. Sababbin motoci masu tarkacen lantarki kan ɗan haura haka. Yi lissafi da kanka, batir mai 60Ah (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) in ana jan 0.05 abin da zai rasa a awa 24 bai fi 1.2Ah ba, sati biyu ma sai ta tashi. Amma in wani abu na jan 0.4 to kusan 10 ke tafiya kullum, kwana uku rabi ya ƙare, ka ga Lahadin taka ke nan.

Ga yadda za ka kama ɓarawon. Samu mita, ka sa ta a 10A, ka kashe komai ka rufe ƙofofi, ka cire kan batir na negatif ka haɗa mitar tsakanin wayar da kan batir ɗin. Sai haƙuri, don da farko za ka ga lamba ta yi sama, kwamfutocin ba su yi barci ba, wata motar sai ta yi rabin awa ko fiye, nan ne masu gaggawa ke cewa sun gano matsala alhali ba su gano komai ba. Kuma kar ka kuskura ka murza makulli mita na haɗe, fiyus ɗinta zai ƙone nan take. In ta lafa lambar na sama har yanzu, riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda ka zare ta faɗo to layin ke nan. Galibi fitilar but ce da ba ta mutuwa, ko kyamarar gaban gilashi, ko tiraka mai nuna inda mota take, ko rediyon da aka ƙara aka jona kai tsaye (ni dai duk motar da na ga waya an naɗe da salatif ƙarƙashin sitiyari, daga nan nake farawa). In ka zare duka ba canji, a duba dinamo, diyod ɗinsa, abin da ke hana wuta komawa baya, in ya lalace yana zuƙe wuta da dare.

Shi ma batir ɗin a auna shi. Cikakke volt 12.6 ne bayan ya huta, 12.2 rabi ke nan, lokacin tayarwa kar ya sauka ƙasa da 9.6, in injin na aiki kuma ka ga 13.7 zuwa 14.7, ƙasa da haka dinamo ba ya caji. Zafin ƙasar nan na cin batir ƙwarai, wanda ya shekara biyu a Jidda ya yi ƙoƙari, amma wata bakwai ya yi wuri, sai dai mutuwar da yake yi duk sati tana rage masa kwana, don haka kar ka bari Alhamis ta sake zagayowa.

Sannan ka saurari ƙarar. Tak-tak-tak da sauri fitilun dashbod na dushewa, wuta ce ta yi ƙasa ko kan batir ya yi farin gishirin nan, ruwan ɗumi da bekin soda na wanke shi. Tak guda ɗaya fitila na nan da haskenta, matsalar kik ce, abin da ke juya injin ya tashi, wanda Larabawa ke ce wa salf. In tana juyawa sosai ta ƙi kamawa, bar batir ka duba mai da fulogi. Kafin ka samu mitar, riƙa cire negatif ɗin daren Alhamis, sai dai agogo da wasu saituna za su rikice.