Hukuncin gabatar da masu juna biyu a layin allurar rigakafi

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya a Damagaram. Lokacin korona allurar ta yi mana kaɗan, sai muka riƙa fara yi wa masu ciki. Wani dattijo ya ce zalunci ne, wai rai bai fi rai ba. Kuma na ɓoye guda ɗaya don ƙanwata. Ina da laifi?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Halaccin rigakafi ba abin tsayawa muhawara a kai ba ne. Gabatar da mai ciki kuwa, idan masana lafiya sun tabbatar haɗarinta ya fi yawa, halal ne, kuma mai rabo yana samun lada a kansa.

Maganar dattijon akwai masu ilimi da ke faɗin irinta, suna cewa a bi wanda ya riga zuwa ko a jefa ƙuri'a. Ban yarda da ita ba. Ƙuri'a da bin layi ana komawa gare su ne idan masu haƙƙi sun yi daidai ta kowace fuska, nan kuwa ba su yi ba. Idan ciki ya tsufa, mahaifa takan tokare huhu daga ƙasa har numfashi ya ƙuntata, garkuwar jiki ma takan sauya, shi ya sa cutar numfashi ke kayar da mai ciki, ta kuma jawo haihuwar bakwaini. Malamanmu sun san nauyin nan tun da daɗewa: Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ɗauki wadda cikinta ya cika wata 6 kamar majinyacin da ake jin tsoron mutuwarsa, har kyautarta ba ta wuce sulusin dukiyarta. Wadda fiƙihu ya ajiye a wannan matsayi, yaya za a ce ta tsaya daidai da saurayi lafiyayye? Ga shi kariyar da jikinta ya samu tana ratsawa zuwa ga jaririn. Sai dai shi ma dattijon, in yana da ciwon suga ko hawan jini, yana cikin waɗanda ake gabatarwa, kuma da an zaunar da shi a inuwa an yi masa bayani cikin ladabi, da wataƙila bai yi fushi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda kika ambata a ƙarshe. Ba ki faɗa mini ko ƙanwar taki tana da ciki ba. In tana da shi kuma sunanta yana rajistar awo, haƙƙinta ta karɓa, ko da yake ɓoyewar ba ta dace ba. In ba haka ba, kin ci amana, domin allurar ta jama'a ce aka damƙa miki. Ki tuba, ki sanar da shugabanki idan hakan ba zai jawo fitina mafi girma ba.

Kada kuma ki ɗauki wannan fatawa ki shimfiɗa ta kan kowace allura. Ta ƙyanda, alal misali, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai ciki. Mai cikin da ta ƙi allurar da ta dace da ita kuma kada a tilasta mata. A kira mijinta ko uwar mijinta a yi musu bayani tare, don sau da yawa tsoron daga can yake fitowa. Wallahu a'alamu.