Dokin tsumman da ake jefawa teku

Auwalu ɗana, na ga zanen da ka turo, na mutanen da ke jan dokin tsumma a kan tsohon jirgin ruwa, kana tambaya ko tsafi suke yi wa aljanun teku. Ba tsafi ba ne, ɗana. Maganar bashi ce.

Al'adar ma'aikatan jiragen dakon kaya na Ingila ce a ƙarni na 19, zamanin da iska ke tura jirgi, ba inji ba. Irin su Cutty Sark ke nan, wanda aka ƙera a 1869, ya yi jigilar ganyen shayi daga Sin, daga baya ulu daga Ostireliya. Yau yana ajiye a Landan.

Kafin jirgi ya tashi, akan ba ma'aikaci albashin wata guda tun bai yi aikin ba. Sai dai kuɗin nan da wuya su kwana a aljihunsa. Mai masaukin da ya zauna a bakin tasha ne ke karɓewa, ya ce kuɗin ɗaki, da abinci, da giya, da tufafin tafiya. Wasu masu masaukin azzalumai ne na gaske, kuma raina yana ɓaci duk na tuna su. Ka ga watan farko a teku, mutum na hawan igiya cikin ruwan sama, awa huɗu aiki awa huɗu hutu, yana cin naman gishiri da busasshen biskit, alhali ladan ya riga ya tafi. Kamar manomin da ya cinye amfanin gonarsa bashi tun da damina. Wannan watan shi suke kira yi wa mataccen doki aiki.

Ranar da watan ya cika, sai su ɗinka doki da tsohon tamfol, su cusa masa ciyawa ko tsumma, su zagaya da shi cikin jirgi suna waƙa. Daga nan a ja shi da igiya can sama, a yanke igiyar, ya faɗa ruwa, kowa ya yi sowa. Daga gobe gumin mutum nasa ne.

Yawancin zanen jiragen wancan zamani kyaftin ko mai jirgi ne ke biya a yi masa, shi ya sa za ka ga jirgi tsaf daga nesa, babu fuskar talakan da ke cikinsa. Naka ya shigo da su, don haka ka adana shi. In ka zo hutun sallah ka taho da shi, ina so in ga ko mai zanen ya sa mai ba da waƙa a gaban masu jan igiyar.