Abin da ke kai mu fadar Fafaroma

Kawu, kun tambaya ko da gaske ne mu Hausawan da ke zaune a Rum muna shiga Batikan, fadar Fafaroma, kuma me Musulmi zai je nema a can. Muna zuwa, amma kowa da niyyarsa.

'Yan'uwanmu Kiristoci, irin limaman cocin da ke zuwa karatu daga Kaduna da Jos, ibada ce ke kai su. A wurinsu kabarin Bitrus, almajirin Annabi Isa, yana ƙarƙashin babban cocin nan da aka fara ginawa a 1506, ba a kammala ba sai 1626. Mu kuwa yawanci rakiyar baƙo ce. A nan, in ɗan kasuwa ko ɗalibi ya sauka gidanka ya koma ba ka kai shi ba, sai a ce ka yi masa rowar gari.

Shiga cocin kyauta ne, amma masu gadi ba sa barin mai gajeren wando ko mace mai kafaɗa a waje. Matanmu da mayafinsu ba a taɓa tsayar da su kan sutura ba.

Gidan kayan tarihin Batikan ne inda ra'ayinmu ke rabuwa. Akwai gumakan Girkawa da na Rumawa birjik, da yawansu tsirara, ga gawarwakin Misirawan da. Sai ɗakin ibada na Sistina, inda ake zaɓen Fafaroma, wanda Michelangelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512. A nan aka zana Annabi Adamu, har da surar da suke nufin Ubangiji da ita. Wasu dattawanmu ko kusa ba sa zuwa, wasu kuma su ratsa kai a sunkuye. Ba wanda ke tsangwamar wani, kuma mukan gaya wa baƙo tun a gida don kada ya ce an yaudare shi.

Ni dai inda nake daɗewa shi ne gaban zanen Raphael na taron masana, domin cikinsu akwai Ibn Rushd, malamin Andalus, da rawaninsa. Ɗaliban ilmi kan yi mamakin ganinsa a bangon Fafaroma.

Lahadin ƙarshen wata ba a biyan kuɗin shiga gidan kayan tarihin, sai dai layin kan galabaitar da mutum. In Allah ya kawo ku, gara mu yanki tikiti ta intanet.