Laftof na shanye min data, in kashe Windows Update ɗin gaba ɗaya?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, na sayi laftof ta hannu a wajajen Terminus saboda rubutun firojet, Windows 11 ce a kai. Duk sanda na jona ta da datar wayata giga biyu ko kwana baya yi wallahi, alhali ban kalli bidiyo ba ban sauke komai ba. Wani mai gyara yace in kawo ya kashe min Windows Update da antibayros ɗin har abada, wai su ke cin data kuma su ke sa ta nauyi. In kai masa?
Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rogo

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki kai masa, rabin maganarsa gaskiya ce amma maganin da ya kawo ya fi ciwon illa.

Kinga ita kwamfuta bata san daga wayarki take jan data ba, duk Wi-Fi ɗin da ta samu ɗauka take irin na ofis ne wanda baya ƙarewa, shi yasa da kin jona sai ta hau sauke sabuntawa ta Windows Update, OneDrive, wato manhajar da ke ajiye miki fayiloli a intanet, ya hau kwashe fayiloli yana turawa, manhajojin Microsoft Store suma su ɗebi rabonsu, duk a ɓoye ke kina can kina rubutu. Toh ke zaki gaya mata datar nan da kuɗi kika saya kuma a ƙirge take.

Ki jona ta da wayar tukuna, sai ki danna maɓallin Windows tare da harafin I, ki shiga Network & internet, ki taɓa Wi-Fi, ki buɗe sunan wayarki, ki gangara ƙasa zaki ga Metered connection, ki kunna shi. Shikenan. Daga nan zata riƙe yawancin manyan sabuntawar sai wanda ya zama dole, OneDrive ma zai dakata. Amma fa wayar da kika yiwa kaɗai ya shafa, ranar da kika ari ta ƙawarki sai kin sake kunnawa. In kuma lokacin jarabawa ne ba kya son ta dame ki, cikin Windows Update akwai Pause updates, yana ɗaga miki ƙafa har sati 5.

Abin da yasa na dage kar a kashe har abada, a watan Mayun 2017 bayros ɗin WannaCry ya kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe sama da 100 yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da aiki ya tsaya musu, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da faci, wato sabuntawar tsaro da ke toshe ƙofar, waɗanda basu saka ba su abin ya ci. Ke kuma da filas ɗinki ke yawo daga kafe zuwa shagon firintin a Bauchi Road, ki kashe antibayros ɗin Windows, wato Windows Security? Ina jiye miki ranar da babi na huɗu zai ƙi buɗuwa ana saura kwana biyu ki miƙa wa malaminki. Duk Talata ta biyu a wata ake sakin facin tsaro, ki daure ko sau ɗaya a wata ki nemi inda akwai Wi-Fi mai yalwa ki barta ta sauke kayanta.

Maganar nauyi kuma, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga Startup apps, duk manhajar da ba kya buƙata ta tashi tare da kwamfutar irinsu Teams ko Spotify ki danna Disable. Ba gogewa kikayi ba, tana nan duk sanda kika neme ta. Wanda baki gane sunansa ba ki ƙyale shi dan Allah, wani na sauti ne wani na madannai.

Masu Windows 10 kuma, Metered connection ɗin na nan a naku, sai dai tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba Windows 10, in injin zai ɗauki 11 gara a koma.